Ambulan ɗin Wendell

A layinmu akwatunan wasiƙa a jere suke can gindin gangara, bakin titi. Maƙwabcina Wendell, tsohon mai gyaran injinan noma, ba ya fashin sauka kowane hantsi, ko da ƙanƙara ta rufe hanya. Wasiƙa ba ta dame shi ba. Dalilin Loretta ne, maƙwabciyarmu wadda mijinta ya rasu bara waccan, da take fitowa da ɗan karenta a daidai lokacin, su tsaya suna kushe sanyi da sabon fasto har yatsunsu su sandare. Ni kaɗai ya gaya wa yana sonta, don ya san magana ba ta wuce ni.

Da ya zame ya bugu a ƙugu, sai 'yarsa Marcy da ke birnin Columbus ta yi masa rajistar tsarin nan na gidan waya, wanda kowace safiya ake turo hoton ambulan ɗin da za su iso ranar. Wendell ba ya taɓa wayar zamani, saboda haka wayarta hotunan suke shiga. Kafin ya gama shan kofi ta kira.

"Baba, yau ba komai sai tallan katifa. Kada ka sauka."

Ya ce yana son ganin tallan. Ta ce katifarsa lafiyarta ƙalau.

Sai ya nemo dabara. Ya riƙa naɗe farar takarda a ambulan, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe don ɓad da hannu, ya ba ni in jefa idan na shiga gari. Marcy ta ga wasiƙa ta gaske, ba yadda ta iya, ta ce ya sauka amma ya riƙe sanda.

Abin ya tafi daidai har ranar da hannunsa ya yi abin da ya saba. Kowa a nan yana da 'yan takardun nan masu danƙo da sunansa da adireshinsa, waɗanda ƙungiyoyin agaji suke aikowa kyauta. Wendell ya manna ɗaya a kusurwar mai aikawa, ni kuma ban duba ba. Washegari Marcy ta ga Wendell Hostetler ya rubuto wa Wendell Hostetler.

Ran Asabar ta iso. Ina zaune ta zazzage aljihun teburinsa, ga ambulan tuli, duk farar takarda. Ta tambaye shi a hankali me ke faruwa. Na ga bakinsa ya motsa, amma hoton marigayiya mahaifiyarta yana rataye a bayanta, sunan Loretta ya ƙi fitowa.

"Ban tuna na aika ba," ya ce.

Marcy ta yi kuka a kicin, ta nemo likitan ƙwaƙwalwa, ta hana shi gangara gaba ɗaya. Sannan ta roƙi maƙwabciya mafi kusa ta riƙa kawo masa wasiƙunsa tana duba shi.

Yanzu Loretta har falo take shigowa. Sai dai ta daina kushe fasto a gabansa. Da ƙarfi take magana, kalma-kalma, tana kiransa bawan Allah.

"Wendell, yau wace rana ce?"

Idan ya faɗa daidai, sai ta yaba masa ta ja karenta ta tafi. Jiya Laraba ce, da gangan ya ce mata Lahadi, ta cire rigar sanyinta ta ɗora ruwan shayi.