Buhun Masara a Kan Fiffike

Motar ta kawun Mujitaba ce, wanda ya yi aiki a Legas ya dawo da ita Bebeji tun Mujitaba yana firamare. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙirar Jamus, gajeriya har sai mutum ya sunkuya sosai zai shiga. Bayan rasuwar Kawu ta yi shekaru a rumfa kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, magada kowa ya ce ba ya so. Mujitaba ya karɓa. Ya tayar da inji, ya sake fenti, amma abin da ya fi cin ransa shi ne fiffiken baya.

Wani faffaɗan abu ne kwance a kan murfin but, wurin ajiye kaya na bayan mota. In ana tafiya a hankali ba a ma lura da shi. Da allurar gudu ta haura tamanin sai ya ɗago da kansa, iska ta danne bayan motar a kan kwalta, in an rage gudu ya koma ya kwanta. Ɗan injin da ke ɗaga shi da haƙoran robar da ke cikinsa, an neme su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an rasa. Wani abokinsa ne ya samo masa daga Kwatano, ya kuma gaya masa bai ga wani ba bayan wannan.

Matsalar ta fito ne ranar da ya fara kai matarsa Humaira ganin gida a Doguwa cikin motar. Inna Turai, surukarsa, ba ta barin baƙo ya tashi ba tsaraba. But ɗin motar tayar ajiya ta cinye shi, kujerar baya kuma kabewa da kaji suka cika ta. Sai Mas'ud, ƙanin Humaira, ƙaton da sana'arsa lodin hatsi a kasuwa, ya ɗora rabin buhun masara a kan murfin but, daidai kan fiffiken, ya ɗaure da igiyar roba.

Mujitaba ya gani, ya shiga mota. Ya san in ya kai tamanin ɗan injin fiffiken zai yi ta ƙoƙarin ɗaga buhu har ya ƙone. Haka suka ratsa dajin Falgore, inda kowane direba ke taka mota don ya fita da wuri, shi yana rarrafe, motocin tumatir suna danna masa hon suna wucewa.

"Malam, lafiya?" in ji Humaira. "A dajin nan za ka yi mana wannan tafiyar?"

"Fiffiken ne. Buhu na kansa."

"To tsaya mu gyara."

"A nan?"

Ta dubi bishiyoyin da ke gefen hanya, ta koma jan carbi.

Da suka isa gida ya tambaye ta ko za ta gaya wa Inna a daina ɗora kaya a baya.

"In ce mata me? Motar mijina ta fi ƙarfin masararki? Ka san Inna. Ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce to. Daga ranar ko garin kuka ba za ta sake ba mu ba, kuma ba za ta manta ba."

"Mas'ud fa?"

"Kafin ka rufe baki ya kai mata, har da ƙari."

Shi ya sa ya tafi wurin Balarabe mai gyaran wayar mota a Kwanar Dangora. Balarabe ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashin fiffiken, ya saurari bayani har ƙarshe yana sakace.

"Wato kana so ya tashi, kuma kana so kada ya tashi."

"In babu kaya ya tashi. In da kaya ya kwanta."

"To ta yaya zai san da kaya? Ido gare shi?"

Direbobin da ke zaune a benci suka kwashe da dariya.

"Makunni nake so ka sa mini. Ni zan danna."

"Yallaɓai, bari in yanke wayar kowa ya huta. Ko in kira mai walda ya ɗinke shi da murfin. Wa ya taɓa ganin mota da fiffike? Tashi sama za ka yi?"

"Kada ka yanke komai, Balarabe, don Allah. Makunni kawai."

Aikin farko da Balarabe ya yi, in an danna makunnin sai fitilar birki ta mutu tare da fiffiken. Mujitaba ya dawo. Aka sake kwance wayoyi, ya wuni a benci yana cin gyaɗa. Wannan karon fiffiken ya koma tashi duk lokacin da aka sa sigina ta dama. Wani direban bas ya ce a bar shi haka, ai gaisuwa yake yi. Mujitaba bai yi dariya ba. Sai a zuwan ƙarshe abin ya daidaita, suka gwada a hanyar Tiga.

"Shi ke nan," in ji Balarabe. "Ka danna, wuta ta yanke, ya tsaya inda yake. Ka ɗora masa ko jaki ne."

Bayan girbi suka sake kama hanyar Doguwa. Mujitaba ya taka motar a dajin Falgore yadda ransa yake so, Humaira har da gyangyaɗi. Ana cikin tafiya ya tuna da makunnin. Ya ce a ransa gara ya danna tun yanzu, kada gaishe-gaishe su mantar da shi. Ya danna. Allura tana sama da tamanin a lokacin, fiffiken kuma yana tsaye.

Bai waiwayi bayan motar ba da suka isa. Ya ajiye mota a ƙofar gida, ya cire takalmi, ya shiga zaure ya durƙusa gaban Baba Wada, surukinsa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Bebeji, aka kawo tuwo da man shanu. Bayan la'asar wani tsoho ya tsare shi a masallaci da labarin farashin taki, Mujitaba ya saurare shi har ya gama.

Da ya fito sai ya tarar da mutane a jikin motar. An kawo wa Baba Wada kujera yana zaune yana ba da umarni. Fiffiken yana tsaye a sama, cikakken buhun masara yana kansa, Mas'ud yana zarga roba ta ƙarƙashi.

"Madalla da wannan dabara, Mujitaba," in ji Baba Wada. "Wancan zuwan na ce da Turai, motar yaron nan kyau gare ta, amma ba ta da wurin kaya. Sai ga shi ka sa mata kariya irin ta keke. Har da wurin zarga igiya."

Mujitaba ya durƙusa. Idonsa yana kan siraran ƙafafun fiffiken da suka fara lanƙwasa.

"Baba, ai dama..."

"Na'am?"

Muryar Inna Turai ta fito daga bakin zaure. "Ni na ce a cika buhun wannan karon, tunda an samu wuri. Ta gonata ce, ba ta Malam ba. Da hannuna na sheƙe ta."

Ya dubi Humaira. Tana tsaye bayan uwarta da ƙullin daddawa a hannu, ta sunkuyar da kai.

"Me za ka ce?" in ji Baba Wada.

"Cewa zan yi Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amin, amin. Mas'ud, ja da kyau, hanyar da nisa."

Mas'ud ya kafa ƙafa a bamba, ya naɗe robar a hannu, ya ja da dukkan ƙarfinsa. Wani abu ya ce ƙas daga cikin murfin, buhun ya ɗan karkata hagu.

"Kai, mijin yaya, kariyar taka tana kuka!"

"Zama ta yi," in ji Baba Wada. "Sabon abu haka yake."

Sun ratsa dajin a hankali fiye da wancan karon, don buhun yana rangaji a madubi. Da suka fito wajen Tudun Wada Mujitaba ya gangara gefen hanya, kusa da inda aka shanya shinkafa, ya kwance robar, suka sauke buhun ƙasa.

Fiffiken ya faɗi gefe guda. Mujitaba ya kunna mota, ya danna makunnin. Ɗan injin ya yi ta juyawa shi kaɗai, babu abin da ya motsa. Da ya buɗe murfin, gutsattsarin farar roba suka zubo masa a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya zauna a kan buhun.

"Zan gaya mata," in ji Humaira a hankali. "Wallahi yau zan gaya mata."

"Yanzu kuma? Na me?"

"Don ta sani."

"Ta san me? Masarar da ta sheƙe da hannunta ta karya mini mota?"

Wayar Humaira ta yi ƙara. Inna ce, tana tambaya ko sun fita daga daji. Humaira ta amsa, ta saurara, sannan ta miƙo masa wayar. Ya miƙe tsaye kafin ya karɓa.

"Inna, barka da yamma. Mun fito lafiya."

"Alhamdu lillahi. Kariyar ta riƙe dai?"

Humaira ta zuba masa ido.

"Ta riƙe, Inna."

"Madalla. Mas'ud ya ce in ka ƙara mata ƙarfe ta ƙasa za ta ɗauki biyu. Dawa ma tana nan."

"To, Inna. Za a duba."

Ya mayar mata da wayar, ya ɗauko sukudireba ya kwance fiffiken gaba ɗaya. Babu inda zai shiga a motar sai cinyar Humaira, rabinsa a waje ta taga. Wani mai shanyar shinkafa ya zo ya kama masa buhun suka mayar kan murfin.

"Ja ta can ɓangaren, Malam," in ji Mujitaba, yana miƙa masa bakin robar. "Ja da ƙarfi, ba abin da zai yi."