Inda Baba Yake Zuwa Ranar Juma'a

Najwa ta bari motar mahaifinta ta sha kwana, sannan ta tayar da tata ta bi shi a hankali. Gari bai gama wayewa ba, titunan Sa'alaba, unguwarsu a nan ƙasar Larabawa, fayau.

Malam Musbahu ya daɗe yana ba ta mamaki. Mutumin da ba ya shan shayi sai ya zama ruwan zuma ya daina sukari. Shinkafa ya rage, burodin tamis rabi yake ci, sai dafaffen ƙwai da nono da wake. Ta sha kama shi tsaye da ƙafa ɗaya yana aswaki. Kowace Juma'a kuma bayan asuba sai ya ɓace, ya dawo yana ɗingishi yana warin man zafi. Tsoro ya kama ta, don kuwa haka mahaifiyarta ta ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinta. Ta ƙudura yau sai ta ga asibitin da yake zuwa.

Sai ga shi ya tsaya bayan wata makaranta a unguwar Sharafiyya, ya buɗe but, ya zaro sanda mai lanƙwasasshen kai.

Ta laɓe jikin wayar da ta kewaye wani fili tana kallo. Tsofaffi ne cike da filin, yawanci 'yan Pakistan, furfura da tumbi, kowa gwiwa a ɗaure. Sun daɗe suna miƙe jijiyoyi, suna tsugunawa suna tashi da nishi, kafin aka jefo wata 'yar farar ƙwallo.

Wani dattijo da ke zaune kan benci da ƙanƙara a idon sawu ya dube ta, ya ce da Larabci, "Wa kike nema, 'yata?"

"Wancan mai jar riga. Mahaifina ne."

"Musbah? Da ya fara zuwa, zagaye ɗaya ya zauna yana haki. Muka ce sai ya gyara cinsa ya ƙarfafa cinya, in ba haka ba babu wasa. Ya ce a makarantarsu ta Zariya shi ne kyaftin ɗin ƙwallon gora. Muka yi dariya. Yanzu ba ma yi."

Zariya? Ita dai direba ta sani, mai hawan jini, wanda take ƙirga wa ƙwayoyi kullum. Ga shi nan a duƙe yana jan ƙwallo, ya yanke wani mai gemu, ya sheƙe da wata dariya da rabonta da jin ta tun rasuwar Umma.

Sai ya hango ta. Ya tsaya cak, ya tako zuwa jikin wayar, sandar a bayansa kamar yaron da aka kama.

"Baba, *lesh*, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Na zaci ciwo kake ɓoyewa, wallahi ko barci ba na yi."

"Da na faɗa, hana ni za ki yi."

Gaskiya ne, ta sani. Ta dubi gumin da ke zuba a wuyansa da ƙirjinsa da ke hawa da sauka.

"Daktur ya sani?"

"Shi ya ce in motsa jiki. Ban dai faɗa masa irin motsin ba." Ya sunkuyar da kai. "Halas, shi ke nan, mu je gida?"

Najwa ta share ido da gefen mayafi.

"Wa ya ce ka tsaya? Yalla, Baba, ga mai gemun can ya tafi da ƙwallonka."