Wufa Biyu, Amfilifaya Ɗaya

Da mahaifinsu ya rasu, mota ɗaya ya bar wa Yaya da Auta, ga shi ba sa ga maciji da juna. Mahaifiyarsu, Umma, ta raba musu kwanaki: farkon mako na Yaya, ƙarshensa na Auta. Makulli a ɗakinta yake kwana.

Abu ɗaya suka yarda da shi ba tare da sun yi shawara ba: rediyon motar ba shi da murya. Yaya ya sayo amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ya zaɓe ta don shuɗiyar fitilar da ke jikinta. A makon nan Auta ya sayo wufa biyu, manyan sifikun nan masu girgiza ƙirji, kowace da akwatinta, don ya ga an rubuta ƙarfinsu wat dubu uku a kwali har da hoton walƙiya.

Aikin haɗawa ya faɗa hannun wani mai wayarin a bayan gidan mai, mutum mai tumbi da ya sa wa kansa suna Injiniya. Ya juya kayan, ya karanta bayansu, ya dubi 'yan'uwan da suka tsaya kowa a gefensa na mota.

"Amfilifayar nan om biyu take so, ma'aunin tirjiyar lantarki ke nan, ba ta jure ƙasa da haka. Wufa kuma kowace om biyu ce. In na haɗa su kafaɗa da kafaɗa, su koma om ɗaya, sauti ya tashi, amfilifaya ta yi zafi ta ɗauke. In na jera su ɗaya bayan ɗaya, su koma huɗu, amfilifaya ta huta, sauti ya ragu."

"Jera su," in ji Yaya.

"Gaya masa ban sayo wufa don ta yi raɗa ba," in ji Auta, yana kallon Injiniya.

"Gaya masa ya sayo masu hankali," in ji Yaya.

Ranar ta Yaya ce, aka jera su. Sautin ya fito kamar ana buga ƙofar maƙwabta da ladabi. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce dama shi kiɗa mai natsuwa yake so.

Da makulli ya zo hannun Auta, bai zarce ko'ina ba sai bayan gidan mai. Injiniya ya sauya wayoyi. Motar ta fito tana rawa, madubi na kakkarwa, lambar baya na ƙara kamar faranti. Ba a yi nisa ba amfilifaya ta ɗauke, shuɗiyar fitila ta koma ja. Daga nan Auta ya koyi tsayawa a inuwa, but ɗin bayan mota a buɗe, yana yi wa amfilifaya fifita da kwalin nan mai hoton walƙiya. In abokai suka wuce sai ya ce taya yake dubawa.

Haka aka ci gaba, Yaya ya jera, Auta ya warware. Injiniya kan gaya wa kowannensu a asirce cewa shi ne mai gaskiya, ɗan'uwan ne bai san kan sauti ba. Kafin a jima ya yi wa shagonsa sabon fenti.

Ana cikin haka Umma ta zame a banɗaki ta karya ƙafa. Yayarsu mace, wadda ke aure a wata unguwa, ta zo kai ta asibiti a cire ɗauri. Ta buɗe but za ta sa keken marasa lafiya, ta tarar da akwatuna biyu sun cinye wurin. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta biya ta wurin Injiniya.

"Malam, cire mini ɗaya."

Ya cire, ya haɗa sauran kai tsaye, ya kunna don gwaji. Sautin ya sauko da nauyi, tas, ba kakkarwa. Har suka je asibiti suka dawo fitilar ba ta canja launi ba. Umma ma, da ba ruwanta da kiɗa, ta ce yau motar ta daina tari.

Da yayar ta koma ɗaukar akwatin da aka cire, ta tambaye shi, "Dama ɗaya ta isa?"

"Om biyu da om biyu, ai daidai ke nan."

"To me ya hana ka gaya musu?"

Injiniya ya goge hannu a tsumma. "Hajiya, cewa suka yi in haɗa biyu."

Labarin bai yi wa kowa daɗi ba. Yaya ya bi dangi yana cewa an tabbatar amfilifayarsa ba ta da laifi, sai dai ya daina kunna sautin, don yanzu wufar Auta ce ake yabo. Auta kuwa ya ce an wulaƙanta masa kaya, an ajiye wufa sukutum a bayan ƙofar kicin, yara na zama a kai.

Ranar da Umma ta fara takawa da sanda, Auta ya fitar da keken, ya mayar da akwatinsa. Wannan karon da kansa ya haɗa, kafaɗa da kafaɗa, ya murɗa komai har ƙarshe. A gaban shagon aski, abokansa na kallo, hayaƙi ya fito ta bayan kujera. Amfilifayar ta ƙone, ta tafi da wufa ɗaya.

Da yamma suka haɗu a ɗakin Umma, kowa yana gaya mata abin da za ta gaya wa ɗayan. Ta saurare su har suka gaji, sannan ta miƙa wa yayarsu makullin, ta ce ta tafi da motar gidanta.