Jan Fenti a Jikin Ɗorawar Inna Kubra

Malama Ummussalma tana tsaka da rubutu a allo ɗalibarta Zuliha ta faɗo ajin ba sallama, tana haki. Ta ce masu injin yankan katako sun shiga gonakin bayan Wurno, kuma duk bishiyar da ke da jan fenti ita suke kayarwa.

Alli ya suɓuce daga hannun Malama. Ita ta shafa fentin nan. Makon jiya ta kai 'yan aji uku su auna kaurin bishiyoyi a darasin lissafi, malamin Hausa ya sa su rubuta sunayensu da amfaninsu, ita kuma ta ja wa kowace layin ja da lamba don kada a maimaita. Ba ta san haka masu katako ke yi wa itacen da suka saya alama ba. Ta bakwai ita ce ɗorawar Inna Kubra, kakar Zuliha, wadda da kalwarta take daddawar da ke riƙe gidansu.

Suka haye acaba su biyu. Tun daga nesa suke jin kukan injin.

Sun tarar da maɗaci biyu a ƙasa, haƙoran injin kuma sun riga sun shiga jikin ɗorawar. Inna Kubra na gefe, muryarta ta dushe da roƙo. Malama ta nufi bishiyar ta jingina bayanta da ita. Dole mai injin, Badamasi, ya kashe.

"Malama, matsa don Allah. Maigidana ya ce mai ja, ga kuma ja."

Ta ce fentinta ne. Ya ce kowa ma haka zai ce. Zuliha ta buɗe littafinta, ta nuna masa ɗorawa, lamba bakwai, sannan ta zagaya da shi bayan bishiyar. Ga bakwai ɗin nan da ja.

Badamasi ya kira maigidansa. Ashe nasu itatuwan suna ƙetaren rafi. Ya saɓa injinsa ya wuce, bai kalli maɗatan ba.

Inna Kubra ta kwaɓa laka tana cusawa a bakin yankan, wanda ya kusa cinye tafin hannunta.

"'Yar nan, lissafin naku zai faɗa mana ko za ta rayu?"

Malama ta tsinci tsinin dutse ta fara kankare fentin.