Wasiƙar Ruhaina a Foldar Ƙasa

Gara in faɗa tun kafin in yi nisa. A cikin wannan labari akwai wata safiyar Talata da zan ja wasiƙa ɗaya daga sama zuwa ƙasa a allon kwamfuta, tazarar da ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, kuma wannan jan yana iya zama abin da zai hana 'yata Ruhaina dawowa Accra da zama. Ban yi da mugun nufi ba. Na yi ne yadda na ga mahaifina yana yi.

Mahaifina, Sajan Yusif, tsohon ɗan sanda ne. Bayan ya bar aiki ya zauna a gidanmu na Nima, shi kaɗai ne a layinmu yake da akwati a gidan waya. Duk mai ɗa a Kumasi, ko ƙani a Legas, ko miji a jirgin ruwa, lambar akwatinmu yake bayarwa. Litinin da Alhamis Baaba yakan sa hularsa ya je ya kwaso, ya dawo ya zauna a benci ya rarraba. Akwai wani katako mai ramuka takwas da kafinta ya buga masa a bangon zaure, kowane rami da sunan gida: gidan mahauta, gidan Hajiya Zelia, gidan Mosawa na bayan masallaci. Wasiƙun gaisuwa nan suke shiga, mai ita ya zo ya zare abinsa. Amma wadda ta zo da hatimin hukuma ba ya sa ta a bango. Ɗakinsa yake kai ta, ya saka a akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado, ya kulle. Ba ya buɗewa, ba ya kuma faɗa wa kowa ta zo. Sai mai ita ya biyo, a ba shi ruwa, a gaisa, sannan Baaba ya ce, "Kana da takarda." Ya miƙa masa hannu da hannu. Na ga manyan mutane suna karɓa da hannu biyu. A zamanin kowa ta ƙofarmu yake wucewa safe da yamma, babu takardar da ta taɓa kwana uku a akwatin nan.

Ni Issifu karatuna a makarantar midil ya tsaya. Ina da ɗan shago a Maamobi inda nake buga katin biki da na suna da sanarwar addu'ar mamaci. Kwamfutar tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, fankarta tana kuka kamar injin niƙa. Ruhaina ce ta buɗe mana imel tun tana sakandare, adireshi ɗaya da sunan gidanmu, ta sa mini manhajar karanta shi a kwamfutar. Da shi masu biki suke turo mini hotuna, da shi ƙanina na Hamburg yake gaishe mu, da shi ita ma ta cike duk takardun makarantarta har ta gama karatun jinya. Na ji daɗin abin ƙwarai. A zuciyata akwatin Baaba ne ya dawo gida.

A gefen hagu na allon akwai jerin foldoji, kamar ramukan katakon nan. Can sama an rubuta adireshinmu, a ƙarƙashinsa babban akwatin da kowace wasiƙa take fara sauka, sai waɗanda Ruhaina ta yi: Shago, Dangi, Makaranta, Maama. In sabuwa ta shigo, sunan foldar yakan yi baƙi ƙirin, lamba ta fito a gefensa. Daga ƙasa kuma akwai wani kan jeri daban mai ɗan hoton kwamfuta, babu komai a cikinsa. Na taɓa tambayarta na mene ne. Tana sauri za ta kama trotro, motar hayarmu ta Accra, ta ce, "Baaba, bar wancan, ba ka buƙatarsa."

Abu ɗaya ya dame ni da manhajar. Da ka taɓa wasiƙa, ko ba ka yi niyya ba, sai cikinta ya bayyana a rabin allon na ƙasa. Ni kuwa ba na karanta takardar wani. Sai na yanko kwalin sukari na manna shi da salatif a wurin, in wasiƙar tawa ce in ɗaga, in ta wani ce in bar shi a rufe. Sulemana tela, maƙwabcin shagona kuma abokina tun na makarantar allo, ya leƙo ya gani ya yi ta dariya har da riƙe ƙofa.

"Massa Issifu, duk Accra kai kaɗai ka sa wa kwamfuta hijabi!"

"Kai ka sa wa bakinka, Sule, ka gani ko unguwa ba ta huta ba."

Da Ruhaina ta gama karatun, aka tura ta hidimar ƙasa a Tamale. Tun ranar da motarta ta tashi daga tashar Circle ban sake zama da daɗi ba. In ta ce tana mura, sai in ga asibiti. In ba ta ɗauki waya ba, sai in kira sau shida. Ta san halina, don haka ta daina gaya mini abu sai ya kammala. Ban san ta nemi aiki a wani asibiti a nan Accra ba, wanda trotro ɗaya zai kai ta daga ƙofar gida. Ban san sun ce ta imel kaɗai za su kira waɗanda suka zaɓa ba. So take ta zo mini da albishir gaba ɗaya.

A shekarun da na yi ina kallon allon nan na lura da wani abu. Duk ranar da intanet ta yanke, foldojin sama sai su ƙi buɗuwa, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Amma na taɓa gwada yin folda ɗaya a jerin ƙasa, na ga ita ko da intanet ko babu, nan take take buɗewa. Sai na yi lissafi irin nawa. Na sama su ne katakon bango, iska tana kaɗa su. Ta ƙasa ita ce akwatin ƙarfe. Na sa mata suna Ajiya, na ji ni mutum ne mai dabara.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, ranar Talata, na buɗe shago bayan na sha koko da ƙosai, na kunna kwamfuta. Wasiƙu uku ne suka shigo. Biyu na masu biki ne. Ta ukun da cikakken sunan Ruhaina da manyan baƙaƙe, da wata doguwar lamba a gaba, da ɗan jan tuta a gefe. Ban ɗaga kwalin ba. Amma na san takardar hukuma in na gan ta. Na ce wannan in na bar ta a nan cikin tallace-tallacen banza da nake sharewa kullum, wata rana hannuna zai zame in goge ta. Ko intanet ta yanke ranar da ake nemanta. Yarinyar kuma tana tafe ranar jajibiri. Sai na ɗora linzamin kwamfutar a kanta, na ja ta ƙasa, na sake ta a cikin Ajiya. Ta ɓace daga sama, lamba ɗaya ta fito a ƙasa. Na yi hamdala.

A wannan lokacin Ruhaina tana ɗakin marasa lafiya a Tamale, wayarta tana cikin jaka a kulle, ba ta kunna data sai ta tashi aiki.

Kwanakin nan mun yi waya kusan kullum. Ta tambayi ƙafar Maamarta, na tambayi abincin da take ci. Sau biyu maganar ta zo bakina, na haɗiye. Ina ta hango yadda zan zaunar da ita, a ba ta ruwa, in ce, "Kina da takarda." Shekara talatin ina son in faɗi wannan magana da bakina.

Ta iso ranar jajibiri da yamma, ta rame kaɗan. Washegari bayan an sauko daga Idi aka yanka rago, Abiba matata tana suya a tsakar gida, Ruhaina tana yanka albasa, fuskarta babu walwala. Abiba ta dube ta.

"Ke, wannan fuska ta Sallah ce? Ko albasar ce?"

"Ba komai, Maama."

"Ba komai ne ya hana ki cin hanta? Faɗi."

Sai ta faɗa. Ta nemi aiki a Accra, su huɗu daga ajinsu suka nema. An kira ukun, sun je ganawa ranar Alhamis da ta wuce. Ita ko layi ɗaya ba a rubuto mata ba. Kullum tana duba waya har idonta ya gaji.

Har a wannan lokacin ban gane ba. Wallahi murna na yi. Na wanke hannu na ce, "Tashi mu je shago."

"Baaba, yau Sallah."

"Tashi dai. Kina da takarda."

Muka bi ta lungu, muka tsallaka kwalbatin, ina gaba tana baya. Sulemana yana zaune a ƙofar shagonsa cikin sabuwar riga, yana sakace.

"Ei, nas ɗinmu ta zo! Ruhaina, ki duba mini Baabanki, kansa yana zafi tun kina Tamale."

Ta yi masa barka da Sallah, na buɗe ƙofa, na kunna kwamfuta, muka jira fankar ta gama kukanta. Na zaunar da ita a kujerata. Na nuna mata ƙasa da yatsa. Na ce, "Ga ta nan. Ban buɗe ba. Babu wanda ya taɓa."

Ta ɓare kwalin ta ajiye a gefe. Ta karanta. Na tsaya a bayanta ina kallon bango don kada idona ya faɗa kan rubutun. Sai na ji ta ja numfashi.

"Yaushe ta zo?"

"Talatar waccan."

"Kai ka sauko da ita nan?"

"Ni ne. Nan ya fi tsaro. Ko intanet ta yanke..."

"Baaba." Ba ta ɗaga murya ba. "Sun kira ni. Ranar Alhamis, ƙarfe tara. Ga sunana, ni ce ta biyu a jerin."

Na zauna a kan kwalin takardu. Na ce ai wasiƙar tana nan, ba ta ɓata ba, me ya hana ta gani a wayarta? Ta share ido da gefen gyale, ta yi mini bayani a hankali, yadda take yi wa tsofaffi bayanin magani. Foldojin sama, ta ce, ba a cikin kwamfutata suke ba. Suna can a ma'ajiyar kamfanin imel, a wata ƙasa. Kwamfutar tana leƙa su ne kawai ta nuna mini, wayarta ma haka take leƙawa, shi ya sa muke ganin abu ɗaya, shi ya sa kuma suke ƙin buɗuwa in babu intanet. Ta ƙasa kuwa a cikin akwatin nan na ƙarƙashin tebur take zaune. Abin da ka ja ka kai can, ka cire shi daga ma'ajiyar ke nan. Duk duniya babu mai ganinsa sai wanda ya zauna a wannan kujera a Maamobi.

Ta ce, "Duba." Ta ja wasiƙar ta mayar da ita sama, ta ɗaga wayarta. Kafin in ƙifta ido wayar ta yi ƙara, ga wasiƙar ta fito, da jan tutarta.

Sulemana ya leƙo da wata zolayar a bakinsa. Ya ga fuskokinmu, ya koma da ita.

Na ce, "Ki yafe mini, uwata." Haka nake kiranta, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Na ce haka kakanta yake yi da takardar hukuma.

"Na sani, Baaba. Ka ba ni labarin sau ɗari." Ta ɗan yi murmushi, hawaye na zuba. "Amma Kaka mutanensa suna layi ɗaya da shi. Ni ina Tamale."

Bayan hutun Sallah ta yi shiri ta tafi asibitin. Na ce zan raka ta in faɗa musu da bakina laifina ne. Ta ce in zauna. Na zauna a shago ban buga ko kati ɗaya ba har azahar. Da ta dawo ta ce wata mata a ofishin ɗaukar ma'aikata ta saurare ta da kyau, ta ce an riga an rufe ganawa, amma ta rubuto bayani, za a kai wa kwamiti. Wani lokaci sukan sake kiran mutum in wani bai karɓi gurbinsa ba. Wani lokaci ba sa kira.

A kan kujerar nan ta rubuta bayanin. Kafin ta tura, na ga ta buɗe sabon adireshi da sunanta ita kaɗai. Ta juyo ta ce, "Kada ka ji wani iri, Baaba. Ya kamata in yi tun tuni." Na ce haka ne, ya kamata. Ta kwashe abin da ke cikin foldar Makaranta ta tura can, amma ta bar foldar a wurinta, babu komai a ciki. Washegari na raka ta Circle ta hau motar Tamale, na sayo mata burodi da ruwa, ta karɓa ta ce in daina tsayawa a rana.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Ina buɗe shago, ina kunna kwamfuta, foldar Shago takan yi baƙi, ta Dangi ma wani lokaci. Amsar asibitin ba za ta biyo ta nan ba, ta sabon adireshinta za ta bi. Muna waya, tana tambayar ƙafar Maamarta, ni kuma na kasa tambayarta. Ban sani ba ko kwamitin ya zauna. Ban sani ba ko za su ba ta wata rana, ko sun riga sun amsa ita ce ba ta gaya mini ba tukuna.