Maƙerin da Aka Kai wa Giwa

Kwana uku da fasa ganuwar Ayuttaya, babban birnin ƙasarmu, Bamawa, mayaƙan ƙasar Bama da ke maƙwabtaka da mu, suka tara waɗanda suka rage da rai a filin haikalin da ya ƙone, a ɗaure wuya da wuya kamar awakin kasuwa. Zinariyar gumaka an riga an narkar, tagulla an loda a jirage. Saura rabon mutane.

Dokar rabon kowa ya ji ta. Mai sana'ar hannu na sarkin Bama ne, za a tafi da shi da iyalinsa, ba mai taɓa su. Sauran kuwa ganimar sojoji ce, kowa ya ja wadda ta yi masa.

Bunrod maƙerin zinariya ne, shekara ashirin yana kan uwar maƙera. Matarsa Puk tana bayansa a igiya ɗaya, ta damƙe gefen zanensa.

Ta ce, "Maigida, in an zo kanka ka buɗe baki da kyau. Ban da in'inar nan taka. Kalma ɗaya ce fa."

"Na ji, mace. Sake ni in numfasa."

Kalma ɗaya ce kuwa, amma muguwa. A harshenmu, in ka ce cang ka sauke murya, mai sana'a kake nufi. In ka ɗaga ta, giwa ka ce. Jaririn goye ma ya san wannan. Sai dai tsoro ba ya barin murya inda mai ita ya ajiye ta.

Aka zo kansa. Bo Cho, shugaban rundunar, yana zaune kan wata ƙararrawar haikali da aka kife, yana tofar da jan yawun irin goron da suke taunawa. Tafintansa, wani ramammen ɗan ƙabilar Mon da ya tsinci harshenmu a bakin kasuwa, ya ce, "Kai kuma mene ne?"

Bunrod ya ga takobi, ya ga jini a kaifinsa bai bushe ba. Kalmar ta fito sama, siririya.

Tafinta ya juya ya faɗa da Bamanci cewa wannan mai kiwon giwa ne. Bo Cho ya miƙe tsaye don murna. Ashe sun kama wani toron giwa na yaƙi, ya kashe musu mutum biyu, an rasa mai tunkararsa.

Da Bunrod ya ga inda ake jan sa, sai ya gane. "Ba giwa ba! Maƙeri! Dubi hannuna, dubi ƙunar wuta! Don girman iyayenka, gaya masa!"

Tafinta ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Yanzu kam na ji ka sarai, yayana. Amma bakin alƙalami ya bushe. Wanda ya gyara maganarsa gaban Bo jiya, kunnensa na rataye a wuyan doki. Ni da kunnena nake son komawa gida."

Aka danƙa masa ƙugiyar tuƙa giwa. Mutumin da iyakarsa da giwa ya rakuɓe gefen hanya ta wuce! Sojoji suka yi da'ira suna shewa. Ɗaya ya ce, "Yi masa waƙa mana, ango!"

Toron bai ɓata lokaci ba. Ya naɗe shi da hanci, ya buga da ƙasa, ya ɗora ƙafa kan hannunsa na dama, ya murza a hankali. Sannan ya juya ya ci gaba da cin rakensa. Da ya kashe shi da ya yi masa alheri, amma ranar ko dabba ba ta da tausayi.

Bo Cho ya yi tsaki. "Maƙaryacin banza. A yar da shi can. Ina matar?"

Wani soja mai wawulo ya jawo Puk. Ta turje, ya kwaɗa mata mari, sai wani abu ya faɗo daga bakinta. Zobe ne, kwana uku tana ɓoye da shi a kumatu. Bo Cho ya goge shi a zanensa, ya ɗaga a rana. Furen bado ne aka ƙera a kansa da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, kowane ganye da jijiyarsa. Ya daɗe yana kallo, har yawun bakinsa ya manta da shi.

"Tambaye ta, wa ya ƙera wannan?"

Tafinta ya tambaya. Puk ta yi kururuwa, "Mijina! Mijina ne, wanda kuka ba giwa!"

Bunrod yana kwance cikin laka, yana jin komai. Ya tsura wa tafinta ido, shi kuwa ya ƙi kallonsa.

Tafinta ya ce wa Bo Cho, "Ranka ya daɗe, ta ce maƙerin ya mutu tun bara."

"Kash! Irinsu sarki yake nema ruwa a jallo." Bo Cho ya zura zoben a ƙaramin yatsansa, ya ɗaga wa mai wawulo haɓa. Sojan ya yanke igiyar, ya ja ta.