Lambu Mai Ƙafa Huɗu

Shekara biyu ina roƙon Inna ta dawo gidanmu da zama, shekara biyu tana ce mini tumatirinta bai yarda ba. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a can ƙarshen gari, ita da wani ɗan fili a bayan ɗaki inda ta shuka tumatir da barkono da alayyafo. Gwiwoyinta kuwa sun daina jin magana. In ta durƙusa cire ciyawa, sai maƙwabciya ta zo ta ɗaga ta. Ran da aka kira ni aka ce an same ta zaune cikin alayyafo tun hantsi, ta kasa tashi, tana ta korar kaji don kada a gane, na je na zauna gabanta na sha kuka.

"Share hancinki," in ji ta. "Gidanku siminti ne har bakin ƙofa. In zo in yi me, in riƙa kallon bango?"

"In na yi miki lambun da ba sai kin durƙusa ba fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi wa mai tallan maganin komai da komai. "Ran Asabar zan zo in gani. Gani na ce. Kada ki wani gyara mini gado."

Na san Inna. In ta zo ta ga shirme, ta koma ke nan, kuma ba zan sake samun bakin maganar ba sai ran da aka kira ni daga asibiti.

Ni tela ce. Mijina mai gyaran wutar lantarki ne, unguwa na kiransa Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Ƙanena Auta mai aski ne, yana da gemu da 'ya'ya uku, amma Auta yake har gobe. Mu uku muka haɗa kai a kan wayata muna kallon hoton wani dogon akwatin katako mai ƙafa huɗu, an cika shi da ƙasa, bakinsa daidai ƙugun mutum. Da na ce ko mu kira kafinta, Injiniya ya ɗaure fuska kamar na zagi danginsa.

"Ni da na haɗa wutar bene hawa uku? Akwati ne fa, Tela. Akwati da ƙafa."

Katako kyauta muka samu a bayan shagon masu sayar da tayil, irin wanda ake ɗoro kaya a kai. Kwana biyu muna zare ƙusoshi, muna miƙe su a kan dutse. Awo kuwa nawa ne, don awon Inna yana cikin littafina tun ba yau ba: daga ƙugu zuwa ƙasa, inci talatin da huɗu. Na ɗauki takarda na rubuta talatin da takwas, na miƙa wa Injiniya. Shekara ashirin ban taɓa yanka siket ban bar na kalmasa ba. Hannuna ne ya rubuta, ni ban ma san an yi ba.

Injiniya ya zana layi a kan katako, Auta ya riƙe zarto. Ban taɓa ganin an lallaɓa katako irin na ranar ba. In Auta ya yanka, sai ya ja da baya, ya karkata kai, ya matso ya kaɗe garin katakon da buroshin wuya. Sau ɗaya na kama shi yana tambayar ƙafar akwatin ko askin ya yi mata. Injiniya kuma duk inda katako biyu suka haɗu sai ya naɗe wurin da baƙin salatif, wai don tsaro. Ni na wanke tsofaffin buhuna, na ɗinka su a keke suka zama shimfiɗar ciki, har da ɗan ado a baki, don ba za a ce tela ta yi aiki ba a ga alama ba.

A kwance muka haɗa shi a tsakar gida, gefensa a ƙasa, don ya fi sauƙin bugawa. Aka kafa ƙafafu a gindin akwatin. Ran Alhamis na tsaya na dube su.

"Injiniya, kamar ƙafafun nan sun yi tsawo."

"Komai in yana kwance tsawo yake yi. Ba kya ganina a gado?"

Muka kwashe da dariya, magana ta bi ruwa. Ragowar fentin ƙofar gida muka shafa, kore, ya ƙare a ƙafa ta biyu, sai muka ƙarasa da shuɗin da ya rage daga banɗaki. Auta ya ce haka ake yayi yanzu. Aka bar shi ya bushe, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau uku, na tankaɗe ƙasa da taki a cikin bokitai, ina waƙa, ina yi wa kowa faɗa ba dalili.

Ran Asabar da safe muka taru za mu tsayar da shi. Auta ya kama can, Injiniya ya kama nan, ni ina ba da umarni. Suna cikin nishi aka yi hon a ƙofar gida. Suka yunƙura gaba ɗaya, abu ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa.

Muka ja da baya muka dube shi. Bakin akwatin yana daidai hancina. Auta ya yi ɗage ya leƙa ciki. Injiniya, wanda ya fi kowa tsawo a layinmu, ya ɗora haɓa a kai kamar mai leƙen gidan maƙwabta.

"A kwantar da shi," na ce. "A rufe shi da zane. A ce an sace."

Ina, ƙarar sandar Inna ta riga ta iso. Ta shigo a hankali, direban tasi na biye da ita da wata jaka, ya ajiye ya fita yana waiwaye. Inna guntuwa ce tun tana da ƙarfinta, balle yanzu da bayanta ya ranƙwafa. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Ta zagaya abin sau ɗaya. Ta ƙwanƙwasa ƙafar kore, ta ƙwanƙwasa ta shuɗi. Sannan ta ɗan sunkuyar da kai ta shige ƙarƙashinsa, ta tsaya a tsakiya, ta ɗaga ido.

"Inuwa dai akwai," in ji ta.

Auta ya toshe baki da hula. Ni kuwa na riga na hango ta a tasi tana komawa.

"Ke, raƙumin dawa ne zai zo ya zauna da ku, ko ni?"

"Inna, wallahi awonki na bayar."

"Nawa kika rubuta?"

"Talatin da takwas."

"Yaushe na kai talatin da takwas? Tun kina goye talatin da huɗu nake."

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. "Na kalmasa ne," na ce, murya can ƙasa.

"Katakon za ki kalmasa?"

Injiniya ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Inna ta juya sandar ta nuna shi. "Kai kuma surukina, inci huɗu bai kai mutum sama haka ba. Me ka ƙara?"

Dariyar ta tsaya. Ya sosa ƙeya. "Taƙi ɗaya ne kawai, Inna. Mu a aikinmu ba a yanke waya cif. Ana barin rara, ko da wata rana."

"Taƙin wannan hannun naka mai kama da faranti. Auta?"

"Ni ban ƙara komai ba. Ban dai yanka a kan layi ba." Ya dubi ƙasa. "Ba a fara aski da ƙwal, Inna. Sai ka bar yatsa uku, in mai kai ya ce a rage, a rage. Na yi ta jira a ce a rage, ba wanda ya ce."

"Zurfin akwatin fa da kuka ɗora a bisa, wa ya lissafa shi?"

Na dubi Injiniya, Injiniya ya dubi Auta, Auta ya dubi sama. Inna ta fara wani irin tari. Na zabura zan kawo ruwa, ashe dariya ce. Ta riƙe ƙafar shuɗi tana girgiza, akwatin na girgiza tare da ita, hawaye na bin kumatunta. Rabona da jin wannan dariyar tun Baba na da rai. Auta ya zube a kan bokitin taki, Injiniya ya jingina da bango, ni kuwa ina yi ina jin tsoro, don Inna tana iya yin dariya ta ƙoshi kuma ta ce a kira mata tasi.

Da ta lafa, ta goge ido da gefen mayafi ta miƙo hannu. "Ba ni allinki na ɗinki."

Na kawo da gudu. Ta fito ta tsaya jikin ƙafa ɗaya, ta dafa ƙugunta, ta ja layi a kan katakon. "A cire akwatin a sauko da shi, bakinsa ya tsaya nan. Kai mai rara, ka samu abin da kake so, kada a yanke abin da ya yi sama. A nan zan ɗaure wa tumatir igiya."

Injiniya ya gyara tsayuwa kamar dama shi ya tsara haka. Ya ɗauko guduma, har ya ɗaga, Inna ta ce ya dakata. Ta tsaya tana kallon layin. Ta lashi ɗan yatsa ta goge shi, ta sake ja a ƙasa da wurin da kamar inci biyu.

"Inna, wancan ne daidai ƙugunki," na ce.

"Na bana ke nan. Baɗi bayan nan zai ƙara ranƙwafawa, kuma ba na so ku sake cika mini kunne da guduma."

Baɗi ta ce. Na juya kamar ina neman wani abu, na durƙusa na buɗe jakar da direba ya ajiye. Dashen tumatir ne da na barkono, saiwar kowanne a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ƙarƙashinsu kuma zannuwanta da kwalbar man gwiwa.

"Gadon fa?" in ji ta daga bayana.

"Kin ce kada in gyara."

"Kuma kika ji maganata?"

"A'a, Inna. Tun ran Laraba."

"To kai mini jakar ciki. Ki bar dashen a inuwa."